Asalin Kalma: Haraji

Haraji aron Larabci ne, daga "kharaj", wato kuɗin da ake karɓa a kan ƙasar noma a daular Musulunci. Larabawa kan danganta ta da "kharaja", ya fita. Gaskiyarsu kuwa, abu ne da ke fita daga rumbun talaka zuwa fada.

A Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa wajen 1864, abin da Kambari da Gwari ke kai wa Sarkin Sudan, wato sarkin garin, ya fi kama da gaisuwar dole: hatsi, dabbobi, har da bayi. Bayan Turawa sun ci garin a 1901 ne haraji ya zama kuɗi tsaba, dagaci ya tara, a ba ka rasit. Na shanu kuwa sunansa daban, jangali.

Abin mamaki, a da Rashawa ma "fita" suke kiran abin da suke biyan Mongol masu mulkinsu. Sarakunan Mosko ne ke tara musu, da haka suka yi ƙarfi, har Ivan na Uku ya daina miƙa wuya a 1480.

Yau har kuɗin shago a kasuwa haraji ake ce masa.