Tarihin Lambar da Ke Jikin Kwalbar Magani

Yau tarihi za mu taɓa, kuma tarihi ne da ya shafi kwalbar maganin da kike ɗura wa yaronki idan zazzaɓi ya kama shi. In kin juya kwalbar za ki ga lambar rajistar NAFDAC da ranar da maganin zai daina aiki. Ko kin taɓa tambayar kanki wa ya ce dole sai an rubuta su?

Bari mu fara daga Amurka, shekarar 1937. A lokacin akwai wani magani mai suna sulfanilamayid da ake sha a ƙwaya don kashe ƙwayoyin cuta. Wani kamfani a jihar Tenesi ya so ya mayar da shi na ruwa don yara su iya haɗiya. Sai mai haɗa magungunan kamfanin ya narkar da shi a cikin wani sinadari da ake kira dayetilin gilaikol, ya sa masa ƙamshi mai daɗi, aka zuba a kwalabe. An duba launinsa, an duba ɗanɗanonsa, amma ba a gwada ko yana kisa ba, domin dokar wancan zamanin ba ta tilasta hakan ba. Shi kuwa wannan sinadari, irin wanda ake sawa a man birki ne. Yana da zaƙi a baki, amma da ya shiga jiki sai ya lalata ƙoda, fitsari ya tsaya. Sama da mutum 100 suka rasu, da yawansu yara. A 1938 aka kafa dokar da ta hana a sayar da sabon magani sai an tabbatar ba ya cutarwa.

To, sai ki ɗauka duniya ta ɗauki darasi ke nan. Ina! A 1990 wannan sinadarin ya shiga maganin farasitamol na ruwa a nan Najeriya, yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan. Wannan rashi na daga cikin abubuwan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A 2008 kuma aka sake, a maganin fitar haƙori mai suna My Pikin da aka haɗa a Legas, inda yara 84 suka rasa rayukansu. A 2022 abin ya faɗa wa Gambiya, yara kusan 70 suka tafi bayan sun sha maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

Me ya sa abu ɗaya yake ta maimaituwa? Maganin ruwa yana buƙatar abin da za a narkar da shi a ciki, kamar gilisarin. Shi kuma wancan guba kamarsu ɗaya a ido, ga shi ya fi araha, don haka marasa tsoron Allah suke canza takardar jikin duro su sayar. Ido ba ya rarrabewa, harshe ma haka. Abin da ke rarrabewa shi ne gwaji a ɗakin bincike, kuma ƙa'ida ta ce kada gubar ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari a cikin gilisarin da za a yi magani da shi. Kin ga amfanin ƙa'idar inganci: tana auna miki abin da ke ba ki da ikon aunawa a gaban mai kemis.

Su waɗannan ƙa'idoji, na magani ne ko na siminti ko na wayar lantarki, ba mutum ɗaya ke zama ya rubuta su ba. Kwamiti ake kafawa da ya haɗa masana, masu masana'antu, jami'an gwamnati da wakilan masu saye. Su rubuta daftari, a fitar da shi jama'a su yi gyara, a yi ta ja-in-ja har a samu matsaya. A ƙungiyar ISO, wadda aka kafa a 1947 kuma take da mazauni a Janiba, sai kashi biyu cikin uku na ƙasashen da ke cikin kwamitin sun amince, sannan duk bayan shekara biyar a sake duba ƙa'idar. A fannin abinci akwai Codex Alimentarius tun 1963. A gida kuma muna da hukumar SON, wadda asalinta ya faro a 1971, ita ce mai tambarin NIS da kike gani a jikin kaya.

Sai dai abin da ya faru a 2008 da 2022 ya nuna cewa rubuta ƙa'ida daban, bin ta daban. In kamfani bai gwada kowane duro ba, in jami'i ya kau da kai, takarda ba za ta ceci kowa ba. Saboda haka, uwargida, ke ma kina da naki aikin. Ki sayi magani a kantin da ke da rajista, ki duba lamba da kwanan wata, ki guji na talla a rana da wanda aka juye a wata kwalba. Kada ki ba jariri maganin fitar haƙori ko na tari ba tare da shawarar ma'aikacin lafiya ba. In kuma yaro ya sha magani kika ga yana amai, fitsarinsa ya ragu ko ya tsaya, ki garzaya asibiti da shi tare da kwalbar, domin da ita ce za a gano sauran a janye su daga kasuwa.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.