Ƙiyasin fitar iskar metan da naitiros oksaid ta hanyar awon iska

Ƙiyasin fitar iskar metan (CH₄) da naitiros oksaid (N₂O) ta hanyar awon iska wata dabara ce da masana kimiyya ke bi don gano yawan abin da wata ƙasa ko wani yanki ke fitarwa, ta hanyar auna iskar da ke sararin samaniya kai tsaye. Ana amfani da ita wajen tantance alƙaluman da ƙasashe ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ake samu daga lissafin shanu, gonakin shinkafa, takin zamani, juji da rijiyoyin mai.

Dalilin awon

Waɗannan iskoki biyu suna cikin manyan masu ɗumama duniya bayan kabon dayoksaid. Metan na daɗewa kimanin shekara 12 a sama, kuma a tsawon shekara 100 tan ɗaya nasa ya kai kusan tan 28 na kabon dayoksaid wajen riƙe zafi. Naitiros oksaid kuwa ya fi shekara 100, ƙarfinsa ya ninka na kabon sau 273. Lissafinsu a takarda yana da wuya. Abin da gona ke fitarwa ya danganta da danshi, zafi da lokacin zuba taki, sannan bututun gas na iya yoyo ba tare da kowa ya rubuta ba.

Yadda ake yi

Ana kafa na'urori a kan dogayen hasumiyoyi, ko bakin teku, ko kan duwatsu, suna auna iska dare da rana. Iskar da ta taso daga teku ita ce ma'aunin asali. Idan ta ratsa gonaki da birane kafin ta iso tashar, sai a ga adadin ya ƙaru. Daga nan manhajar kwamfuta ta yi amfani da bayanan yanayi ta bi sawun iskar baya na kwanaki, don a san wuraren da ta wuce. Sai a riƙa gyara taswirar fitar iskar har lissafin ya dace da abin da aka auna.

Misalai

Tashar Mace Head da ke gaɓar yammacin Ailan tana wannan awon tun 1987. A 2012 Birtaniya ta ƙara hasumiyoyin Tacolneston da Ridge Hill, daga baya Heathfield da Bilsdale. Hukumar yanayi ta ƙasar da Jami'ar Bristol ne ke aikin, kuma ana saka sakamakon a rahoton shekara na ƙasar. Suwizalan ma tana yin haka. A Amurka, wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2018 ya nuna cewa metan da harkar mai da gas ke fitarwa ya fi alƙaluman gwamnati da kusan kashi 60 cikin 100.

Ana kuma auna metan da tauraron ɗan'adam, kamar GOSAT na Japan da aka harba a 2009, da na'urar TROPOMI ta Turai a 2017.

Iyakokin hanyar

Awon yana nuna jimilla ne, ba ya saurin bambance metan na shanu da na fadama ko na gas. Don haka ake ƙarawa da awon iskar etan, wadda ke fita tare da gas amma dabbobi ba sa fitar da ita. Gajimare yakan tare wa tauraro gani. A Afirka tashoshi kaɗan ne, irin su Assekrem a Aljeriya, Dutsen Kenya da Cape Point a Afirka ta Kudu, shi ya sa ƙiyasin nahiyar ke da rauni. Wannan gibi ya shafi alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka a 2021 na rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, domin sai da awo za a tabbatar an rage.