Daga Wasiƙar Fatake Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Isar da Saƙo a Zango



Shekaru masu yawa ke nan ina riƙe da alƙalamin fadar dattijonmu a nan Kumasi. Aikina shi ne rubuta wasiƙu, da karanta waɗanda suka zo, da kula da littafin da muke shigar da aure da suna da rasuwa. Kwanakin baya na buɗe tsohon littafin da na gada daga magatakardan da ya gabace ni, Allah ya jiƙansa, sai na lura cewa a gefen kowace rasuwa yakan rubuta sunan wanda aka aika ya kai wa dangi labari. A nawa littafin wannan gurbi ya daɗe a wofi, domin yanzu kafin labari ya iso fada ya riga ya gama zaga wayoyin unguwa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi yadda saƙo yake tafiya a tsakaninmu tun kafuwar zango.

Asalin zango masaukin ayari ne. Kakanninmu fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yandi har su sauka Salga a ƙasar Gwanja, inda ake kawo goro daga dazuzzukan Asante. Tafiya ce ta watanni, a ƙarƙashin madugu da jagaba. Wanda ya baro iyali a Kano ba shi da hanyar jin labarinsu sai ayari na gaba ya iso. Saboda haka saƙo ya zama amana mai nauyi. Mai ɗauke da shi yakan adana takardar a cikin gafaka, sauran bayanin kuwa yana bakinsa. Idan ya sauka wurin mai gidansa, ya sha ruwa ya huta, sai a kewaye shi da tambaya: yaya ka baro tsohuwa, tana iya fita tsakar gida, an yi wa yaron kaciya? Yana amsawa ne da abin da idonsa ya gani, masu sauraro kuma suna karanta fuskarsa kafin su karanta takardar.

Rubuta wasiƙa a wancan zamani fanni ne na ilimi. Shehin malami Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salga, daga baya ya koma Kete-Karachi inda ya rasu a 1934, tun yana matashi ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Ɗalibi yakan koyi yadda ake buɗe wasiƙar sarki, da ta malami, da ta aboki, kowa da lafazin da ya dace da darajarsa. Akwai kuma wani aiki da marubucin wasiƙa yake yi wanda ba a koyar da shi a littafi, ni ma na tarar da shi a wannan kujera. Mutum zai zo a fusace ya ce a rubuta wa ɗan'uwansa kaza da kaza. Malam zai saurare shi, ya fiƙe alƙalami a hankali, ya sassauta lafazin, ya karanta masa. Kafin ayari ya tashi an kwana bakwai, zuciya ta huce, sau da yawa mai saƙon da kansa yake dawowa ya ce a cire wancan layin.

Yaƙin basasar Salga na 1892 ya tarwatsa mazauna garin zuwa Kete-Karachi da Yeji da sauran garuruwa. Bayan Turawan Ingila sun mamaye Kumasi a 1896, kuma suka murƙushe boren 1900, zangon Kumasi ya bunƙasa, na Ankara ma haka. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, gidan waya da tangaraho suka kafu, daga baya direbobin manyan motocin goro da dillalan shanu suka gaji aikin fatake wajen kai saƙo. A cikin unguwa kuwa ƙafa ce take aiki. Gayyatar aure ko suna da goro ake kai ta gida-gida. Labarin mutuwa kuma ba a ba wa yaro. Dattijo ake zaɓa, ya je ya yi sallama, ya zauna, a gaisa, ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, ya dubi yanayin mai gida, ya tabbatar akwai wanda zai riƙe mai ɗakin, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi. A zauren karatu an koya mana cewa duba mara lafiya da raka gawa suna cikin haƙƙoƙin da Musulmi yake bin ɗan'uwansa, kuma duka biyun sai an tashi an taka. Shi ya sa magabata suka ce zumunci a ƙafa yake.

A watan Maris na 1957, watan da Ghana ta sami 'yancin kai, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye daga Landan. Rediyo ya shigo zango, amma akwati ɗaya ne a ƙofar gida, mutum goma suna kewaye da shi, ana gama labarai a buɗe muhawara. Sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969, wadda ta raba gidaje da yawa, har waɗanda aka haifa a nan suka tafi Nijeriya da Nijar, ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi, 'yan Ghana masu ɗimbin yawa suka dawo. A shekarun nan kaset ya yi wa rababbun iyalai babban aiki. Uwa takan ɗauki muryarta ta ba direba, idan kaset ɗin ya iso a tara gida duka bayan sallar isha'i a saurara. Wanda ya yi kuka, akwai na kusa da shi da zai ba shi haƙuri. Har zuwa wannan lokaci, saƙo a hannun mutum yake zuwa, kuma a cikin taro ake karɓarsa.

Wayar hannu ta shigo Ghana a 1992, tana hannun masu hali kaɗai, talaka kuwa sai ya je shagon buga waya ya bi layi. Cikin shekaru kaɗan ta shiga kowane aljihu, Facebook da WhatsApp suka biyo baya, aika kuɗi ta waya ya fara a 2009. Wanda ya musanta alherin wannan bai yi adalci ba. 'Ya'yanmu da ke Jamus da Amurka da Saudiyya suna ganin fuskar iyayensu kowane mako. Na sha ganin an tara kuɗin asibitin mara lafiya cikin yini ɗaya, abin da a dā sai an yi mako ana zagaye da faranti. Saƙon murya ya ba tsofaffin da ba su yi boko ba damar magana da jikokinsu da Hausa, a ƙasar da Turanci da Twi suka rinjayi harshen yara. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa gwamnati ta rufe masallatai, ta taƙaita masu halartar jana'iza zuwa mutum 25, ta kuma hana fita a Kumasi da Ankara na makonni uku, waya ce ta riƙe mana zumunci.

Sai dai a karo na farko a tarihinmu, saƙo ya rabu da ɗan aike, kuma kowa yana karɓar nasa shi kaɗai. Na ga illar haka da idona. Wani matashi na unguwarmu ya rasu a haɗarin mota a hanyar arewa. Muna fada muna shawarar dattijon da za a aika, ashe wani ya riga ya ɗauki hoton gawar ya watsa. Mahaifiyarsa tana tsakar gida ita kaɗai ta buɗe waya ta gane rigar ɗanta. Wanda ya watsa hoton ba mugu ba ne, so yake a ce shi ya fara sanarwa. Amma abin da dattijo yake yi da zama da lallashi, babu wanda ya yi mata shi.

Ta'aziyya ma ta sauya. Za ka ga an rubuta addu'a ɗari uku a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, ka je gidan makoki a kwana na biyu ka tarar da tabarma da mutum shida. Wanda ya rubuta yana jin ya sauke nauyi, alhali gidan bai fi tafiyar minti goma daga nasa ba. Tausayi kuwa da gani yake tsiro. Sai ka zauna a gidan za ka lura marayun su biyar ne, buhun shinkafa ya kusa ƙarewa, rufin ɗaki yana yoyo. Matar mamaci ba za ta taɓa rubuta wannan a waya ba, kunya ba za ta bar ta ba. A dā maƙwabciyar da ta shigo da kwanon tuwo ita take gani, ta faɗa wa mijinta, shi kuma ya kawo maganar fada.

Haka nan fushi ya rasa mai tace shi. Saɓani a kan sarauta ko limanci ko bambancin fahimtar addini ba sabon abu ba ne a zango. Sabon abu shi ne yaro ya ɗauki waya da tsakar dare ya zagi sa'an mahaifinsa, mutumin da idan sun haɗu a hanya sai ya durƙusa ya gaishe shi. Babu malamin da zai sassauta lafazi, babu kwana bakwai na jiran ayari. Kuma maganar ba ta mutuwa. Mun sha yin sulhu a fada, a yi addu'a a watse, bayan wata uku wani ya tono tsohuwar muryar ya sake turawa, wuta ta tashi sabuwa.

Wannan ya fi shafarmu fiye da wasu, domin mu 'yan tsiraru ne a ƙasar da muke. Yawancinmu ba mu da gonar gado a nan. Jarin zango tun zamanin Salga shi ne amana da sanin juna: da shi baƙo yake samun masauki, da shi ake ba da goro da shanu bashi ba tare da takarda ba, da shi ake binne wanda ya mutu ba shi da kowa. Idan muka san labarin juna amma muka daina shiga gidajen juna, wannan jari zai ƙare ba mu ankara ba.

Roƙona ga 'yan'uwa kaɗan ne. Kada a sanar da rasuwa a waya sai an tabbatar an je an faɗa wa iyaye da mata, kuma kada a watsa hoton gawa ko na mara lafiya. Wanda yake wata ƙasa, waya ta isar masa, Allah ya ba shi lada. Wanda yake cikin gari ɗaya da gidan makoki ko gadon asibiti, ya rubuta in ya so, amma ya taka. Wanda ransa ya ɓaci, ya kwana da maganar kafin ya tura. Mu ma a fada na nemi izinin dattijonmu mu koma aika mutum a kowace rasuwa, ko da labari ya riga shi isa, in kuma riƙa rubuta sunansa a littafi kamar yadda na tarar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara mana zumunci da tausayin juna, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.