Injekta: yaushe ake wanke ta, yaushe ake sauya ta?

Injekta ita ce ke fesa mai cikin injin mota, ta wasu ƴan ƙofofi da ba su kai bakin allura ba. Ƙura kaɗan ta isa ta toshe ta. Mu kuwa nan Madarunfa, da yawanmu man kwalba muke sha wajen ƴan ruwa-ruwa, ga ƙurar hunturu.

In ta lalace, mota na karkarwa a tsaye, ta ƙi tashi da safe, ga baƙin hayaƙi da yawan shan mai. Amma a fara duba buji da matatar mai tukuna.

In toshewa ce kawai, makanike ya ciro ta ya wanke, ya sa mata sabuwar roba. Wadda wankin bai hana ta ɗiga ba kuwa, sai dai sabuwa. Barinta asara ne: man zai gangara ya tsinka baƙin mai, inji ya ci kansa. Ta gazuwal, kul a kai hannu kusa da feshinta, yana huda fata.

Ƴan'uwa masu aiko da kayan mota daga Kano ko Kwatano, ku nemi lambar da ke jikin tsohuwar kafin ku biya.