Tarihin Gwajin Ƙwayar Bitamin ga Magidanta: Darasin Ƙasar Finlan

A farkon shekarun 1980 masana sun lura cewa masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka zaci sinadarin beta-karotin ne sirrin. Domin tabbatarwa, daga 1985 zuwa 1993 aka gwada ƙwayarsa a Finlan kan maza mashaya taba 29,133, 'yan shekara 50 zuwa 69. Sakamakon ya fito a 1994: cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga masu haɗiyar ƙwayar. A 1996 aka dakatar da makamancin gwajin a Amurka, da ƙarin ya kai kashi 28. Ashe ba a dunƙule amfanin ganye cikin ƙwaya guda.