Fadar Zahir ta Makka

A unguwar Zahir, arewa maso yamma da Masallacin Ka'aba, akwai wani babban gidan bene na dutse da a ke ce da shi Fadar Zahir. An gina shi cikin shekarun ƙarshe na mulkin Sarki Abdul'aziz, wanda ya rasu cikin 1953. Gidan gwamnati ne, na saukar manyan baƙi. Daga baya aka mai da shi makaranta, yara suka cika ɗakunan da aka yi domin manya. Sa'an nan hukuma ta ga darajarsa, aka gyara shi, aka sa shi ya zama gidan ajiye kayan tarihin Makka.

Ba kowane tsohon gini ne ya sami wannan sa'a ba. Ganuwar Ajyad, wadda aka gina zamanin Turkawa bisa dutsen da ya ke fuskantar Masallaci, an rushe ta cikin 2002, har gwamnatin Turkiyya ta yi kuka ƙwarai. Dogayen benayen nan masu babban agogo su ne a wurin yanzu. Fadar Zahir kuwa ta tsira domin tana nesa da cunkoson alhazai, kuma ba a bar ta kango ba.

Haka Gidan Makama na Kano ya yi: Turawa suka zauna ciki bayan 1903, ya zama makaranta, ya koma gidan tarihi. Ginin da a ke shiga kullum, shi a kan yi wa yaɓe.