Zamanin da Elementare Ke Karantarwa da Hausa

Tun kafin zuwan boko, malaman zaure sun iya karantarwa da harshe biyu. Ɗalibi zai janyo baƙi daga Ahalari ko Ishmawi, gaɓa bayan gaɓa, malam yana bin sa da fassara cikin Hausa. In ya lura mas'ala ba ta zauna ba, sai ya kawo misali daga kasuwa ko gona. Manyan malaman Larabcinmu ta wannan hanya suka fito.

Da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, shi ma da Hausa ya soma. Ban ce ƙaunarmu ce ta sa ba. Turawan mulki ba sa son samari masu Turanci a baka irin na Legas, En'e kuwa tana neman masu rubuta haraji. Amma tsarin ya yi amfani. Yaro zai yi shekara huɗu a elementare yana koyon karatu da lissafi da labarin ƙasa cikin harshen da yake ji, sai ya shiga midil Turanci ya karɓi ragama.

Abin da ya fi burge ni shi ne an yi wa tsarin littattafai. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Don ɗalibai ne Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce. Marubucin Shaihu Umar kuwa, Abubakar Tafawa Balewa, shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi da Turancin da har yau ake yabawa. Duk mai cewa farawa da Hausa na gurgunta Turanci, ya fara yi mana bayanin wannan.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A takarda abin ya tsaya, don ba a horar da isassun malamai ba, ba a buga littattafan ba. Na zauna a wani aji uku inda malama ta rubuta darasin raba lamba da Turanci, yara suna maimaitawa da ƙarfi, babu wanda ya iya amsa tambaya ɗaya. Sai ta leƙa ƙofa, ta rage murya, ta ce, "Goro goma sha biyu, mutum uku, kowa nawa?" Hannuwa suka tashi. Wannan leƙen ne ke ci mini rai, domin a makarantar yin Hausa cikin aji laifi ne, har tara ake cin yara a kansa.